Lamba ta Tamanin da Huɗu

Sati bakwai ina yawo da jakar awo,
gida-gida, daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Sauri.
Aikina in ɗaura ƙyalle a damtse, in matsa iska,
in saurari abin da jini ke faɗa a asirce,
in rubuta lamba biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Masu binciken sun ce kada in rubuta suna.
To, ban rubuta ba.
Amma lamba ta tamanin da huɗu Tasalla ce mai ƙosai,
wadda ta miƙo hannu tana dariya,
man gyaɗa na ƙyalli a yatsunta.
Ɗari da tamanin bisa ɗari da goma.
Na sake awo. Ƙyallen bai sauya magana ba.

Ta ce, "Yaro, ni ce mai jikin ko kai?
Ko ciwon kai ba na yi."
Na ce, "Inna, wannan ba ya sallama.
Aikin gara yake yi a azara,
ɗaki na tsaye, ana shara, ana shimfiɗa,
sai ranar da rufi ya zauna."

Na karanta mata takardar da aka ba mu:
a rage gishiri, a yawaita 'ya'yan itace,
a yi tafiyar minti talatin a kullum.
Ta ajiye matsami, ta dube ni.
"Tun kafin assalatu nake kan hanyar niƙa,
in dawo, in tafi famfo sau huɗu.
Wace tafiya kuma?
Gishirin nan, in ka cire shi daga miyar kuka,
gaya mini abin da ya saura.
Lemo ɗaya kuɗin ƙosai nawa ne, ka sani?"
Na sani. Na ninke takardar.

Washegari aka tura ni unguwar manya.
Wani tsohon darakta, a ƙarƙashin darbejiya,
lambarsa da tata kamar an tsaga kara.
Sai dai shi ƙwayoyinsa na jere cikin ɗan akwati,
kowace rana da ɗakinta,
lambar likita na kwance a wayarsa.
A nan na gane hawan jini bai san unguwa ba.
Magani ne ke zaɓen titin da zai bi.

A wani ƙauye bayan Batagarawa
na tarar da Nomau a zaure, ɓarin jiki ya shanye.
Suka ce iska ce ta buge shi a gona.
Ɗakin shan magani na can, jifa biyu,
da ma'auni sabo a leda,
ba batir tun bara.

Ranar taro, a babban zaure mai sanyi,
aka haska aikina a bango:
sanduna ja, sanduna shuɗi, tazara tsakani.
Aka ce a riƙa awo kyauta ranar kasuwa,
a sauko da farashin ƙwaya.
Aka tafa, aka raba shayi.
Ni ina neman Tasalla cikin jar sandar,
ban ga ko ɗankwalinta ba.

Daga nan na bi ta kemis,
na saya mata maganin wata guda da kuɗin alawus.
Shugabana ya ce na ɓata lissafi.
Na ce ya ɓaci.

Bayan kwana goma na koma da jakata.
Lambar ta ɗan sauko, ba kamar yadda na so ba.
Ta kwance bakin zane ta nuna mini:
kowace ƙwaya ta raba ta biyu da reza.
"Rabi nawa, rabi na Kyauta, maƙwabciyata.
Ita ba ka shiga gidansu ba,
amma jiri take gani in ta sunkuya."

Na buɗe littafi.
Babu layin da aka tanada don wannan.